Ba a Mutuwa a Akokan

Idan ka je maƙabartar Akokan za ka yi mamakin filin da ya rage a cikinta. Gari ne a gefen Arlit da aka yi shekara da shekaru maza suna shiga ƙarƙashin ƙasa suna fito da dutsen iraniyom, amma kaburburan da za ka gani yawancinsu gajeru ne, na jarirai da ƙananan yara, sai kuma na waɗanda ajali ya yi wa ba-zata, hatsarin mota ko faɗuwar farat ɗaya. Manyan mazan da suka ƙarar da ƙarfinsu a cikin rami ba sa nan. Ba wai ba su mutu ba ne. Mutuwa kam sun yi ta, ni shaida ce, da hannuna na soya wa da yawa daga cikinsu guzurin hanya.

Dalilin shi ne babu wanda ya zo garin nan don ya zauna. Dukanmu cin rani muka zo, ƴan Maraɗi da ƴan Damagaram da mu ƴan Adar, sai cin ranin ya ƙi ƙarewa. Mutum ya haifi ƴaƴa a nan, ya aurar da su a nan, furfura ta fito masa a nan, amma ka tambaye shi ina ne gida, sai ya nuna maka kudu. Albashi na shigowa za a cire na siminti da na kwano a tura ƙauye, ana gina ɗakin da za a huta a ciki wata rana. To idan ciwo ya kama namiji, aka yi magani aka yi magani har likitoci suka fara cewa a dage da addu'a, sai ƴan garinsu su taru bayan la'asar, babba a cikinsu ya ce, "A kai shi gida." Shi ke nan, magana ta ƙare. A sayi kujerun baya na kar, wato babbar motar fasinja mai zuwa kudu, a shimfiɗa masa bargo, matarsa ta kulle ɗaki ta bi shi. Ba a jimawa labari zai zo ta waya, mu taru mu yi fatiha mu watse. Matar kuma ta yi takabarta a can, da wuya ka sake ganinta.

Haka na tarar ana yi, haka na ga ana yi har na tsufa, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba sai da ya biyo ta ƙofata.

Maigidana ɗan kwangila ne. Wanda bai zauna a garin ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Mutanen da ke shiga rami iri biyu ne. Akwai ma'aikatan kamfani, masu gidaje a site, unguwar da kamfani ya gina musu, da ruwa da kuran, wato wutar lantarki, da katin asibiti nasu da na iyalinsu. Akwai kuma ƴan kwangila, waɗanda masu kwangila ke ɗauka su kawo, su yi haƙa da ɗauko da shara. Kaske, wato hular kwano, iri ɗaya suke sawa a ka, fitila iri ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa a can ƙasa, amma idan aka fito kowa ya san hanyar gidansu. Mu tamu hanyar tana bi ta bayan site ne, zuwa unguwar laka da gwangwanin duro da aka buɗe aka yi rufi da shi. Ba na cewa mun yi yunwa, kar in yi wa Allah butulci. Ni ina toya waina ina dama kunu a inda motar ma'aikata ke tsayawa, shi yana kawo nasa, muka yi renon ƴaƴanmu har suka girma. Macen tana aure a Arlit, mazan sun bi hanyar Aljeriya neman na kansu.

A ƙauyensu kuwa, can ƙasar Keita, mu attajirai ne. Suna, biki, shekarar da damina ta yi gardama, ciwon wani kawu da ban taɓa gani ba, duk wayarmu ce ke ƙara. Shi kuma mutumin nan bai iya cewa babu ba. Na sha yi masa faɗa a kan haka, sai ya bar ni in gama, ya ce, "Kin gama? To miƙo mini ruwa."

Shekarar da aka rufe ramin, ma'aikatan kamfani da yawa suka kwashe kayansu suka tafi. Shi ya ce mu ɗan dakata tukuna, ɗakin da yake ginawa a gida saura ƙofa da shafe. Ya shiga ƴan buge-buge, yau gadi, gobe lodin manyan motocin da ke zuwa Assamakka, can bakin iyakar Aljeriya. A nan tari ya soma. Da farko mun ce mura ce. Sai na ga wandonsa yana zamewa, yana ƙara ɗaure mazagi, abinci kuma ya ci loma kaɗan ya ture. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya koma in ya je masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa bango.

Muka je asibitin gwamnati a Arlit, aka yi masa hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo. Likita ya ɗaga hoton ya duba ya daɗe, ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, sannan ya ce mini da Hausa huhun ne ya gaji. Na tambaye shi kai tsaye, na ce ramin ne? Ya ce ba zai rantse a kan e ba, ba zai rantse a kan a'a ba. Ni ma har yau ba zan rantse ba. Abin da na sani, na ga irin wannan ramewar a gidaje da yawa na unguwarmu.

Aka ba shi gado a jikin bango. Kusa da gadon akwai wata na'ura mai ɗan gurnani, da siririyar roba da ake maƙala masa a hanci, tana tura masa iska. Ranar da aka fara sa masa ita, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba, har da minshari. Da ya farka ya sha kunu kofi guda, ya dube ni ya ce na'urar nan ta fi ni iya jinya, don ita ba ta da baki. Na ce to ta tashi ta wanke masa kaya mana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga baya likitan ya kira ni gefe ya ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba, warkewa sai wani ikon Allah. Amma muddin yana nan zai samu numfashi, zai yi barci, zai ci abinci. Doguwar tafiya kam ba za ta yi masa daɗi ba." Ya san abin da ya sa ya ambaci tafiya, ni ma na sani. Tun daga ranar abu ɗaya na sa a gabana, kar a raba mutumin nan da robar nan.

A cikin waɗannan kwanaki ne wasu masu tambayoyi suka shigo unguwarmu. Wata safiya na dawo gida in dama masa kunu in wanke kayansa, sai na ji sallama. Wata matashiya ce da jaka a kafaɗa da babbar waya a hannu, daga jin Hausarta ka san ƴar Damagaram ce. Ta ce daga ɓangaren kiwon lafiya aka turo su, suna bin gida-gida a yankuna da dama na ƙasar nan. Na ce mata, "Ƴata, in magani kika kawo ajiye shi, in surutu ne ba ni da lokaci." Ta yi murmushi ta ce in bar ta ta taya ni tankaɗe. Ta kuwa zauna ta ja rariya, da haka ta saye ni.

Tana tankaɗe tana yi mini bayani. Ta ce, "Mama, so ake a gane ko ciwo da mutuwa sun fi faɗa wa marasa hali, ko kuwa kowa da kowa ne daidai. Za a ɗora samun mutane a gefe ɗaya, lafiyarsu a gefe ɗaya, a duba. Inda aka ga an fi shan wuya, can ya kamata a fara kai likitoci da kayan aiki." Na ce wannan ai magana ce ta adalci, Allah ya sa da gaske ake yi.

Ta tambaye ni abin da ke shigowa gidan. Na ce na wace shekara, ta da ko ta yanzu? Ta ce ta yanzu, amma tun da mutane ba sa son faɗin samunsu, su kan duba kayan da ke cikin gida ma. Akwai talabijin? Akwai, amma ta daɗe da mutuwa, zane na rufa mata. Akwai fanka? Akwai. Firji fa? Akwai wani tsoho da muka saya hannun wani ma'aikacin kamfani da zai tafi, ina yin ƙanƙara a ciki ina sayarwa. Duk wanda na ce akwai sai ta danna wayarta. Na ce, "To, ashe mu masu hali ne ban sani ba." Ta ce idan aka gwada mu da gidajen da ta shiga a kudu, e, muna sama.

Sai ta zo kan wata tambaya. Ta ce a shekarar da ta wuce an yi rasuwa a gidan nan? Na ce a'a, alhamdu lillahi. Ta danna.

Ban san abin da ya taso mini ba. Na kama hannunta da garin a jiki na ja ta bakin ƙofa, na nuna mata layinmu. Na ce kin ga wancan gida mai kwaɗo? An kai mai shi Madawa. Na kusa da shi an kai shi Tasawa. Wancan da rairayi ya toshe ƙofarsa, wani ƙauye ne wajen Magariya. Dukansu mutanen rami ne, dukansu sun rasu, babu ɗaya da ya rasu a gidan nan nasa.

Ta ce, "Na lura, Mama. Tun da na shigo unguwar nan nake tsallake gidaje a kulle. Gidan da babu kowa, wa zan tambaya?" Ta ce abokan aikinta da ke kudu wataƙila za su tarar da matan, su ƙirga mamacin a can. Na ce a gidan ubansa ke nan, inda babu firji babu fanka, kuma in an ce mene ne sana'ar gidan nan za a ce noma. Ta ce haka ne. Ta ce za ta faɗa wa manyanta, akwai inda suke rubuta abin da suka gani da ido, amma ba za ta yi mini alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Na dube ta, yarinya ƙarama, leɓenta duk ya bushe da yawo a rana. Na zuba mata kunu ta sha, ta yi godiya ta wuce gida na gaba.

A kan kabu-kabu, da kwanon kunu a cinyata, na yi ta juya maganar har Arlit. Ashe albashin a arewa ake auna shi, gawar kuma a kudu. Duk wanda ya duba zai ce mutanen garuruwan iraniyom ga kuɗi ga tsawon rai, mutanen kudu ga talauci ga mutuwa. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A can aka haife ni, na ga yadda ake ɗora mace mai naƙuda a amalanke ana neman inda likita yake. In an fara kai musu kayan aiki, wallahi ba zan yi baƙin ciki ba, ƴan'uwana ne. Amma wani kaso na mutuwar da ake rubuta musu tamu ce, a nan ta nuna, aka ɗauka aka kai musu. Ƙauyen da ba shi da ko kuran shi ke karɓar mutumin da ba ya numfashi sai da na'ura. Mu kuma a nan an ga lafiyarmu lau, me za a ƙara mana? Kuma babu wanda ya cuce mu a wannan lissafin, mu da kanmu muke biyan kuɗin mota mu kwashe shaidar. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Ni da ba na rasa wanda zan yi wa faɗa, ranar na duba ko'ina ban samu ba.

Ba a daɗe ba yayan maigidana ya iso daga ƙauye. Dogon mutum ne, manomi, magana ba ta dame shi ba. Ya zauna a bakin gadon ƙanensa yana kallon robar da ke hancinsa, ya yi masa sannu. Bayan la'asar na leƙa ta taga na ga ƴan garinsu sun fara taruwa a gindin bishiyar da ke harabar asibitin, kowa da ƴar tabarmarsa. Na san taron. Mata ba sa zama a cikinsa, amma na ja mayafina na je na durƙusa daga gefe.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri da ni, na shigo inda ba a kira ni ba. Likita ya ce hanya ba za ta yi masa daɗi ba."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Inna ta ce a kai mata ɗanta ta gane shi. Ta ce ba ta yafe ba in anka rufe shi cikin duwatsun mutane, inda babu mai zuwa yi mai addu'a."

Na ce, "A nan yana barci, Yaya. Yana cin abinci."

Ya ce, "Likita ya ce shina warkewa?"

Na ce, "Bai ce ba."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ta tayar mini da hankali. Na manta da wa nake magana. Na ce mutum kuke so ku kai mata ko gawa? Na ce in ganinsa take so a kawo ta nan, ni zan sayar da firjina in biya mata mota. Ya ce tsohuwar da ko kasuwa ba ta iya zuwa saboda gwiwa, ita za a ɗora a wannan hanya? Na ce shi da ba ya numfashi fa, shi za a ɗora? Mazan duk suka sunkuyar da kai don kunyar abin da nake yi. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya yi aiki tare da maigidana, ya ce a hankali, "Baiwar Allah, kowa haka anka yi mishi. Mu ma da muke zaune nan haka za a yi muna." Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugunta ba.

Mutum ɗaya ya rage mini, shi mai ciwon. Ina da fata a kansa, don na sha ganin idonsa idan kuran ya ɗauke na'urar ta tsaya kafin a tayar da injin. Na koma na zauna kusa da kunnensa na ce, "Malam, bakinka kaɗai zai tsayar da su. Ka ce ba ka zuwa." Yana kallon rufin ɗaki ya ce, "Uwar yara, ɗakin nan da na gina ban taɓa kwana cikinai ba. Kuma mi za a ce? A ce uwata ta kira ni tsoro ya hana ni zuwa?" Na ce a ce mana, in sun gaji su bari. Ya kama wuyan hannuna, yatsunsa duk ƙashi, ya ce, "Tsoro kam ina ji, wallahi ina ji. Amma ki haɗa kaya."

Na haɗa. Da safe majo, babban ma'aikacin ɗakin, ya zo ya yi masa allura, ya ba ni ƙwayoyi a leda ya gaya mini yadda zan ba shi, sannan ya zare robar daga hancinsa ya naɗe ta. Bai yi mana gardama ba. Ya ce shi ma mahaifinsa haka aka yi masa. Ƴarmu ta raka mu tasha tana kuka, na ce ta yi shiru kar ta karya masa zuciya, ta kulle mini gidan in ta koma.

Hanyar Arlit zuwa Agadas don iraniyom aka yi ta, amma kwaltar ta daɗe da cinyewa. Direba sai ya sauka ya bi ta cikin rairayi a gefenta, ya hau, ya sake sauka. Muna can kujerun baya inda kowane rami ke ƙarewa. Kansa na kan cinyata, ina riƙe da kafaɗarsa kar ya gangara, yayansa na riƙe da ƙafafu. Tun kafin rana ta take na ga ƙirjinsa ya fara aikin da na sani, yana ja yana ja iskar ba ta isa. Na ba shi ƙwaya, na jiƙa masa leɓe. Muka kwana a tashar Agadas, a zaune ya kwana, jingine da ni. Na ce wa yayansa ga asibiti nan a garin, mu tsaya. Ya ce an ci rabin hanya, gobe war haka muna gida in Allah ya so.

Washegari mun wuce mararrabar Ingal da ɗan nisa sai wani abu ya karye a ƙarƙashin motar. Aka sauko, direba ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce ƙarfen sai an kawo daga Agadas, kuma ba yau ba. Babu gari, babu bishiyar kirki. Maza suka ɗauko shi suka kwantar da shi a inuwar motar, ni kuma na cire murfin kwano ina yi masa fifita. Ba zan faɗi yadda sa'o'in nan suka kasance ba. Na ga mutum yana neman iska da baki buɗe a tsakiyar fili, inda babu komai sai iska. Yana kallona ina kallonsa, ba ni da abin ba shi. Yayansa ya durƙusa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da zafin nan babu zancen jira. Ina zaune ban ma fara kuka ba, sai na ga yayansa ya buɗe jakarsa ya fito da farin yadi, sabo fil, a cikin ledar wani shago na kasuwar Arlit, har da turare. Ashe tun kafin mu taso ya saya. Na dube shi, ya kasa dubana. Ya ce, "Ba a yin tafiya irin wagga babu shi." Na nemi fushin da zan yi na rasa.

Fasinjoji suka kawo ruwan bidonsu, wato jarkokinsu, kowa ya zuba abin da zai iya. Wani Ba'abzine makiyayi da ya hango mu ya zo da salkar ruwa a kan raƙumi, ya nuna inda ƙasa ke da laushi, ya taya haƙa. Ƴan kasuwa, da direba, da wasu samari da aka koro daga Aljeriya suna komawa gida, su suka yi masa salla, babu wanda ya san shi a cikinsu. Makiyayin ya jera duwatsu da ƙaya a kai saboda dila. Babu wanda ya rubuta komai. Akokan ba ta ƙirga shi ba, ƙauyensu ba zai nuna kabarinsa ba. Na tambayi makiyayin sunan wurin, ya faɗa mini da yarensu, na yi ta maimaitawa a raina, kafin mu kai Abalak ya ɓace mini.

Labari ya riga mu isa ta waya. Muka tarar da gida cike da mutane, ɗakin da ya gina an share shi tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an cika randa da ruwa. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ƴar ƙaramar tsohuwa, idonta ya fara yin hazo. Babban ɗanta ya durƙusa a gabanta ya ce, "Cikin sauƙi, Inna, kamar mai barci." Haka ake faɗa wa uwa, ban ga laifinsa ba.

A ɗakin aka ce in yi takaba. Da masu gaisuwa suka ragu, wata rana da hantsi Inna ta dogara sandarta ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Can asibitin, shina samun numfashi?"

Na ce, "Yana samu, Inna."

"Shina barci?"

"Yana yi."

"Shina cin abinci?"

Na ce yana shan kunu, har dariya yana yi.

Ta yi ta murza bayan hannuna da babban yatsanta. Sannan ta ce, "To ke da kike gani da idonki, don mi ba ki hana su ba?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ki yafe mini, Inna."